Fam Ɗaya Da Ya Jefa Ni Cikin Bashin Shekaru

Na taso a hannun uba mai tsoron bashi fiye da yadda yake tsoron ciwo. Idan aka yi masa karin maganar nan cewa bashi hanji ne yana cikin kowa, sai ya girgiza kai ya ce nasa cikin ba shi da wurin ajiye shi. Tun muna ƙanana ya koya mana rubuta abin da ya shigo hannu da abin da ya fita, kuma da wannan tarbiyya na tafi gidan aure, da ita na sauka Ingila a shekarar 2006 lokacin da na biyo maigidana inda yake aiki. Na fara da wannan ne domin mai karatu ya san cewa matar da za ta ba shi labarin bashin fam dubu biyar da ɗari shida ba mai wasa da lissafi ba ce. Ina da littafin da nake rubuta kuɗin gida a ciki tun makon farko na zuwana, kuma har yau ban daina ba.

Shekara goma sha biyu muka yi cikin rufin asiri. Mun sami izinin zama na dindindin, yaranmu uku suna makaranta, Malam yana fita aiki yana biyan haraji kamar kowa, ni kuma ina gida. Ban taɓa cike takardar neman tallafi ba in ban da na yara da kusan kowane gida ke karɓa, kuma a raina ina ganin tallafin gwamnati abu ne na wasu mutane daban, waɗanda nake tausayawa daga nesa. A ƙarshen 2018, wata safiya yana shirin fita, sai na ji faɗuwarsa a banɗaki. Likitoci suka ce jini ne ya toshe a ƙwaƙwalwa. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta sarƙe, kuma mutumin da yake ɗauke da gidan gaba ɗaya ya koma sai an tayar da shi, an yi masa wanka, an sa masa tufafi, an juya shi cikin dare.

Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta fara gaya mini cewa akwai alawus da ake ba wanda ke jinyar ɗan uwansa a gida. Sharuɗɗansa ba su da yawa: ka kasance kana kula da mai nakasa aƙalla awa 35 a mako, shi kuma yana karɓar tallafin nakasa, kada ka kasance ɗalibin da ke karatu awa 21 ko fiye a mako, sannan idan kana wani aiki kada abin da kake samu ya wuce wani adadi da gwamnati ke yankewa kowace shekara. Na nema a 2019 aka ba ni. A lokacin fam 66.15 ne a mako, wanda idan aka raba shi da awa 35 bai kai fam 2 a awa ba, ni kuwa awannin da nake yi sun ninka haka. Babban tallafin da ake ba masu ƙaramin ƙarfi ba mu cancance shi ba, saboda ɗan fanshon da aka ba Malam na barin aiki kan rashin lafiya da kuma abin da muka tara a shekarun da yake da ƙarfi. Ban yi ƙorafi ba. Na karɓi alawus ɗin da godiya, kuma har yanzu ina ganin ƙasar da ta tuna da mai jinya a cikin dokarta ta yi abin kirki. Daga baya na karanta cewa tun 1976 aka soma biyansa, amma matan aure ba su samu ba sai a 1986 bayan hukuncin kotun Turai, domin an ɗauka jinya aikinsu ne da ma. Wannan ya nuna mini cewa tun asali an gina shi ne a kan tunanin cewa mai jinya zaune yake a gida, ba ya wani aiki.

Bayan annobar korona ta lafa, a watan Satumba na 2021, ƙaramar hukumarmu ta samar wa Malam gurbi a wata cibiyar yini, kwana biyu a mako, inda ake motsa masa jiki ana koya masa magana. Kwana biyun nan su ne farkon numfashina cikin shekara uku. Na nemi aiki a ɗakin wanki da guga na wani gidan kula da tsofaffi, awa bakwai a kowace rana, awa 14 ke nan a mako. Kafin in sa hannu sai da na zauna da littafina. Mafi ƙarancin albashi a lokacin fam 8.91 ne a awa, sau 14 ya ba ni fam 124.74, iyakar da doka ta sa kuwa fam 128 ce. Ina ƙasa da ita da fam uku da ɗoriya. Na buga waya na sanar da ofishin da ke biyan alawus cewa na fara aiki, na faɗa musu awannina da albashina, aka ce babu matsala. Na rubuta ranar da na yi wayar a gefen shafi, na rufe littafi, hankalina a kwance.

Ba zan iya kwatanta abin da aikin nan ya yi mini ba. Kuɗin ba su da yawa, amma ina fita in ga mutane, a kira ni da sunana, in yi abin da yake da farko da ƙarshe, domin jinya ba ta da ƙarshen da ake gani. Idan na ninke zanin gado na ajiye, na san na gama wani abu. Na koma gida da fara'a, kuma Malam da kansa ya lura da haka.

A watan Afrilu na 2022 gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa fam 9.50 a awa, a lokacin da tsadar rayuwa ta fara tsananta. Mun yi murna a wurin aiki, har muna taya juna barka. A cikin watan nan kuma aka ɗaga alawus ɗin jinya zuwa fam 69.70, aka ɗaga iyakar abin da mai jinya zai samu zuwa fam 132. Duka ukun ƙari ne, duka ukun alheri aka nufa da su. Amma albashin ya yi tsalle fiye da iyakar. Fam 9.50 sau 14 ya zama fam 133. Ban ƙara ko minti ɗaya a aikina ba, ban roƙi ƙarin albashi ba, ban canza komai ba, sai ga shi na haura iyakar da fam ɗaya tak a mako. Dokar alawus ɗin kuwa ba ta san rage kaɗan-kaɗan ba. A babban tallafin masu ƙaramin ƙarfi, idan ka samu ƙarin fam ɗaya sai a rage maka wani kaso daga cikinsa, ka tsira da saura. A alawus ɗin jinya, ko da kwabo ka haura, alawus ɗin makon gaba ɗaya ya faɗi.

A nan dole in faɗi nawa laifin, domin ban zo in wanke kaina ba. Kowace shekara ana aiko da wasiƙar da ke faɗin sabon adadin alawus, kuma a cikinta akwai inda aka ambaci iyakar. Na ga fam 132, na tuna lissafina na fam 124, na ce ai har sarari aka ƙara mini, na ajiye takardar. Albashina duk mako huɗu ake biya, saboda haka ban taɓa ganin lambar 133 a rubuce a gabana ba. A daidai lokacin kuma Malam yana fama da ciwon ƙirji, ina tashi sau uku ko huɗu cikin dare. Doka ta ce nauyin sanarwa a kaina yake, kuma ban sanar ba. Na amsa wannan. Abin da ban amsa ba har yau shi ne girman hukuncin idan aka gwada shi da girman kuskuren.

Shekara ta zagayo, Afrilun 2023 albashi ya koma fam 10.42, iyaka ta koma fam 139, tazarar ta ƙara buɗewa zuwa kusan fam bakwai, ni ban sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Alawus yana shigowa, ina kashe shi a wuta da gas da kuɗin motar asibiti, ina rubutawa a littafina a matsayin halalina.

Wasiƙar ta zo a watan Oktoba na 2023. Na buɗe ta a tsaye a bakin ƙofa da rigar aiki a jikina. An rubuta cewa bayanan haraji sun nuna na wuce iyaka tun Afrilun 2022, cewa mako 78 aka biya ni abin da ban cancanta ba, cewa zan mayar da fam 5,619.90, sannan akwai tarar fam 50 ta rashin sanarwa. Na karanta sau uku ban fahimta ba. Da dare, bayan na kwantar da Malam, na ɗauko littafina da takardun albashi na bi su mako-mako. Abin da na haura iyaka da shi a shekarar farko fam 52 ne. A wata shida na biyu bai kai fam 180 ba. Gaba ɗaya kimanin fam 231. A kan wannan ake bin ni fam dubu biyar da ɗari shida. Na daɗe zaune ina kallon lambobin biyu a gefen juna, ina maimaita innalillahi, kuma abin da ya fi ci mini rai a daren nan shi ne tunanin mahaifina, wanda ya rasu bai bar bashin kowa ba.

Na ɓoye wa Malam kwana tara. A rana ta goma babbar 'yarmu ta ga takardar a cikin littafin, ta same ni a kicin ta ce, "Umma, wannan mene ne? Me ya sa ba ki faɗa mini ba?" Muryarta ta kai ɗakin da yake. Mutane suna ɗauka wanda maganarsa ta sarƙe hankalinsa ma ya tafi, alhali yana jin komai yana gane komai. Da na shiga sai na tarar yana hawaye, yana nuna ƙirjinsa da hannun hagu, yana ƙoƙarin furta kalma ɗaya, wadda daga ƙarshe na gane "ni" yake cewa. Yana nufin shi ne sanadi. Na durƙusa a gabansa na ce, "Malam, don Allah kada ka ɗora wa kanka. Shekara goma sha biyu kana ɗauke da mu ba ka taɓa cewa mun yi maka nauyi ba." Ya kawar da kai. Kusan mako biyu ya yi ba ya son a kai shi cibiyar, domin a ganinsa zuwansa can ne ya ba ni damar yin aikin da ya jawo mana wannan.

Na je wurin masu ba da shawara kyauta a kan harkar tallafi. Matar da ta saurare ni ba ta yi mamaki ba ko kaɗan, abin da ya nuna mini cewa ba ni ce ta farko ba. Ta taimake ni na nemi a sake duba hukuncin, aka duba aka ce yana nan, domin lissafin daidai yake da doka. Ita ce kuma ta gaya mini wani abu da ya hana ni barci: wajen auna abin da mai jinya ke samu, ana cire rabin duk abin da ya zuba a asusun fansho. Da a ce ina zuba fam huɗu a mako a fansho a waccan shekarar ta farko, da an cire mini fam biyu, da ina ƙasa da iyaka, da babu bashin fam dubu uku da ɗari shida na shekarar. Hanyar tsira tana nan a cikin dokar, amma sai wanda ya san dokar ciki da waje, irin mutumin da ba ya kwana yana juya mara lafiya.

Aka tsara a riƙa cire wani abu daga alawus ɗin kowane mako har bashin ya ƙare. Kafin a ci gaba da biyana kuwa sai na koma ƙasa da iyaka, don haka na je wurin shugabar wurin aikinmu na roƙe ta ta rage mini awa ɗaya. Ta dube ni ta ce a shekarunta na aiki ba a cika roƙonta ragi ba, ƙari ake roƙo. Na koma awa 13. Daga ranar na zama mai tsoron alheri. Idan abokiyar aiki ba ta da lafiya aka ce in tsaya awa biyu, sai in ƙi, ina kallon aiki ya taru. Da aka yi maganar ba ni kula da ɗakin wankin gaba ɗaya da ɗan ƙarin albashi, na ce a ba wata. Ko kyautar ƙarshen shekara da aka raba wa ma'aikata sai da na roƙa a cire sunana. Gidan yana neman hannu, ni ina neman kuɗi, amma tsakaninmu akwai layin da idan na taka shi zan yi asarar abin da ya ninka ƙarin sau da yawa. Gwamnatin da take kira ga mutane su fita su yi aiki ita ce ta shimfiɗa layin, kuma na tabbata ba da niyyar tsayar da ni ta yi ba.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A farkon 2024 aka aiko mana cewa an sake duba tsarin kulawar Malam, kwanakinsa a cibiyar sun koma ɗaya. Ma'aikacin da ya zo ya yi mana bayani cikin ladabi, kuma na ga shi ma abin bai yi masa daɗi ba. A Ingila ƙananan hukumomi ne ke ɗauke da nauyin kula da tsofaffi da manya masu nakasa, ba asibiti ba. Tun daga 2010, lokacin da gwamnatin David Cameron ta shiga tsuke bakin aljihu bayan rikicin kuɗi na 2008, kason da gwamnatin tsakiya ke ba su ya yi ta raguwa, masu buƙata kuwa suna ƙaruwa. A 2016 aka ba su izinin ƙara wani abu a kan harajin gidaje domin wannan hidima, amma harajin gidaje ya fi kawo kuɗi a unguwannin masu hali, inda buƙatar ba ta kai ta namu yawa ba. Sannan ƙarin albashin nan da ya haurar da ni iyaka, shi ne kuma ya ƙara wa cibiyar kuɗin biyan ma'aikatanta, alhali abin da ake ba ta bai ƙaru daidai da haka ba. Ƙari ɗaya ya same ni ta ƙofa biyu.

'Yata ce ta rufe gurbin. Ta riga ta sami gurbin karatu a jami'a, ta ɗage shi shekara guda domin ta zauna da mahaifinta ranar da nake aiki. Na hana ta, ta ce, "Umma, idan kika bar aikin da me za a biya bashin?" Ba ni da amsa. Cikin duk abin da ya faru, wannan ne nake jin ba zan iya mayar wa kowa ba.

A wannan shekarar ce na gane yawanmu. Jaridar Guardian ta fara buga labaran masu jinya da aka bi irin wannan bashi a watan Afrilu na 2024, har da waɗanda aka gurfanar a kotu. Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya fitar da rahoto a ƙarshen shekarar, ya nuna mutum sama da 130,000 ake bi, kuɗin kuma sun haura fam miliyan 250. Abin da ya fi girgiza ni shi ne sanin cewa na'urar gwamnati tana samun bayanin albashi daga hukumar haraji, tana kuma ɗaga alama idan mutum ya wuce iyaka, amma kusan rabin alamun kawai ake bi, saboda ma'aikatan da aka ware wa aikin ba su isa ba. Tun 2019 kwamitin majalisa ya yi gargaɗi a kan wannan. Ke nan mai yiwuwa ne an ga fam ɗayana tun a watan farko. Da an aiko mini da layi biyu a lokacin, da bashina bai kai fam ɗari uku ba, da na biya na gyara awannina. An yi tsimin albashin ma'aikacin da zai duba, sai tsimin ya zama bashin mako 78 a wuyana. Ban ce wani ya zauna ya ƙulla mini sharri ba. Mai tsara albashi ya yi nasa lissafin daidai, mai tsara alawus ya yi nasa, mai rage yawan ma'aikata ya yi nasa, mai yanke kason ƙananan hukumomi ya yi nasa. Babu wanda aka ɗora wa alhakin haɗa lissafin huɗun a takarda ɗaya, sai ni, a kan teburin kicin, da ƙarfe ɗaya na dare.

Jikina ya ba da amsa a watan Yuli na 2024. Na yanke jiki na faɗi a wurin aiki, aka ce hawan jini ne da gajiyar da ta daɗe tana taruwa, aka kwantar da ni, aka kuma hana ni ɗaga abu mai nauyi na wani lokaci. Dole aka kai Malam gidan kulawa na mako uku, kuma mafi yawan kuɗin hukuma ce ta biya. Na ga takardar kuɗin daga baya. Abin da aka kashe a mako ukun nan ya fi duk abin da aka cire daga alawus ɗina tun daga ranar da aka fara cirewa. Ina kwance a gadon asibiti ina wannan tunani: aljihun da ya karɓa da aljihun da ya biya duk na gwamnati ɗaya ne, amma kowanne littafinsa daban, saboda haka ɗaya zai rubuta ya yi tsimi, ɗayan ya rubuta buƙata ta ƙaru, babu shafin da zai nuna cewa na farkon ne ya haifi na biyun. Ƙidayar 2021 ta nuna akwai mutum kimanin miliyan 5 a Ingila da Wales da ke jinyar 'yan uwansu ba tare da albashi ba. Duk wanda ya durƙushe a cikinsu, nauyin da yake ɗauke da shi kan hukuma yake komawa, da tsada mai yawa.

Malam ya dawo daga gidan kulawar ya rame, maganar da ya fara samu ta ja baya. Sai da muka yi wata huɗu kafin ya koma inda yake.

A ranar 30 ga Oktoba na 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta gabatar da kasafinta na farko, kuma na saurare shi da littafina a cinya, abin da ban taɓa yi ba a da. Ta sanar cewa daga Afrilun 2025 za a ɗaure iyakar alawus ɗin jinya da mafi ƙarancin albashi, ta zama daidai da aikin awa 16, wato fam 196 a mako. Na yi kuka da na ji, domin da haka dokar take a 2022 da babu abin da ya same ni. A cikin watan ne kuma aka naɗa Liz Sayce, ƙwararriya kan haƙƙin masu nakasa, ta binciki yadda basussukan suka taru. Gyara ne na gaskiya, kuma ina yaba wa waɗanda suka yi ta magana har aka yi shi. Sai dai ramin yana nan, an matsar da shi gaba ne kawai: wanda ya haura sabuwar iyakar da kwabo ɗaya har yanzu alawus ɗin makon gaba ɗaya yake rasawa. Bashina ma yana nan.

Da Afrilun ya zo na je wurin shugabarmu da murna na ce yanzu zan iya yin awa 16. Ta ce in zauna. A cikin kasafin nan dai an ɗaga kuɗin inshorar ƙasa da masu ɗaukar ma'aikata ke biya daga kashi 13.8 zuwa kashi 15 cikin ɗari, an kuma sauko da matakin da ake fara biyansa daga fam 9,100 zuwa fam 5,000 a shekara. An yi haka ne domin a samo kuɗin asibitoci da sauran hidimomin jama'a, irin waɗanda ni da Malam muke dogara da su. Amma ma'aikaciya irina, wadda a da gidan ba ya biyan komai a kanta, yanzu ta zama abin biya, ga kuma albashi ya koma fam 12.21. Ta ce ba ƙarin awa suke tunani ba, tunanin yadda za su riƙe waɗanda suke da su suke yi, kuma wadda ta bar ɗakin wankin a watan da ya wuce ba za a maye gurbinta ba. Shekara ɗaya da rabi ina ƙin awannin da ake ba ni, ranar da doka ta sake ni kuma awannin suka tafi. Na yi mata godiya, domin ta riƙe ni, na koma bakin aikina.

Yanzu ina nan a awa 13. 'Yata ta shiga jami'a a bara, ƙaninta ne ke zama da mahaifinsu idan ya taso makaranta, wata maƙwabciya kuma tana leƙa shi da safe. Na buɗe ƙaramin asusun fansho ina zuba abin da ya sawwaƙa. A cibiyar yini na haɗu da mata biyu da namiji ɗaya masu jinya kamar ni, kuma duk ƙarshen Maris muna zama da takardun albashinmu da wasiƙar alawus, mu ninka awa da sabon albashi, mu gwada da sabuwar iyaka, kowa ya duba na ɗan uwansa. A zamanmu na farko muka gano ɗaya daga cikinsu ta haura da fam biyu da 'yan kwabbai tun wata uku da suka wuce, saboda kuɗin hutu da aka haɗa mata. Ta buga waya washegari, abin da aka bi ta kimanin fam dubu ne kawai.

Malam yana iya haɗa kalma huɗu ko biyar yanzu. Duk ranar da aka cire kuɗin mako yakan nuna littafin da hannun hagu, in buɗe masa shafin ƙarshe inda nake rage adadin, ya bi lambar da yatsa, ya dube ni ya ce, "Saura nawa?" Sai in faɗa masa.